Lailatu Mai Noman Kuza

In ka shiga Birnin Gwari ka tambayi gidan Malam Nababa mai haƙar rijiya, da wuya ka tsallake mutum biyu ba a ce maka, "Au, gidan su Mai Noman Kuza?" ba. Lailatu ke nan, 'yarsa ta biyu. Kada ka zaci don yabo aka laƙaba mata sunan. Wani hutu ne ta dawo daga jami'a, gwaggonta ta tsare ta a tsakar gida, wai sai ta faɗa mata abin da take yi a can da har yau karatun ya ƙi ƙarewa. Lailatu ba ta iya kwana-kwana ba. Ta ce wani abu take shukawa daga garin kuza, a cikin wuta yake tsirowa, kuma ido ba ya ganinsa. Gwaggo ta tafa hannu ta riƙe haɓa. "Mu an kore mu daga gonakinmu na Tabanni, muna neman inda za mu jefa ƙwayar dawa, ke kina can kina noman ƙarfe? To, Allah Ya ba da damina mai albarka." Kafin la'asar sunan ya zaga unguwa. Abin haushin shi ne, duk masu dariyar nan babu wanda ya tsaya ya tambaye ta dalili, alhali da su aka yi zaman makokin yayanta.

Ba a gane Lailatu sai an fara da fitilar ubanta. Fitilar ƙwai ce tsohuwa, jan fentinta duk ya koɗe. Malam Nababa ya haƙa rijiyoyi tun daga Tabanni har Gwaska, kuma dokarsa ɗaya ce: ko kai wane ne, ba ka sa ƙafa a raminsa sai fitila ta riga ka sauka. Zai kunna ta, ya ɗaura a igiya, ya zura a hankali yana leƙe. In harshen wutar ya yi ƙasa ya mutu, iskar ramin ta ɓaci ke nan, sai a zura ganye a yi ta kaɗawa, a jira. In ta dawo tana ci, sai ya ce bismillah. A duk tsawon sana'arsa bai taɓa fitar da gawa daga rijiya ba, kuma gari ya shaida masa haka. Lailatu ce ke goge ƙwan fitilar da toka tun tana 'yar mitsitsiya. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka "Uwata" yake ce mata, kuma ita kaɗai ke taɓa fitilar nan ba a yi mata tsawa ba.

Haruna kuwa, yayanta, ɗan fari ne. Nababa mutumin da ne, yana alkunyar ɗan fari yadda ya gada. Bai taɓa kiran sunansa ba. "Kai," zai ce, ko "yaron nan," yana kallon wani gefen. Ba ya cin abinci da shi, ba ya yaba masa a gaban mutane, amma in Haruna yana cikin rijiya, ba ya yarda kowa ya riƙe igiyar sai shi da kansa. Harunan nan shi ya yi ta goya Lailatu a keke zuwa makaranta, shi ne kuma ya tsaya kai da fata da ta gama sakandare, ya ce wannan kan ba na ajiyewa a ɗaki ba ne.

Sai daji ya lalace. 'Yan bindiga suka mai da ƙauyuka kufai, gonar Tabanni ta zama wurin da sai dai a nuna ta da baki daga nesa. Wa zai haƙa rijiya a garin da babu mai sha? Abin da ya rage wa masu ƙarfi a jika shi ne ramukan zinariya da ke bakin daji. Wani Alhaji Bature, mai ramuka da yawa, ya aiko wa Nababa ya zo ya zama mai duba masa iska, Haruna kuma ya shiga cikin masu sauka. Ramin zinariya ba rijiya ba ne. Ya fi zurfi, ga ruwa na tsattsafowa kullum, sai an janye da inji. Injin kuwa ba ya iya zuƙo ruwa daga bakin rami, dole a saukar da shi a ajiye a wani ɗan dakali da aka sassaƙa a tsakiya, ya yi ta ruri a ciki yana aman hayaƙi.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. An kashe inji, hayaƙi ya washe, Nababa ya zura fitila ta dawo tana ci lafiya lau. Ya ce, "Kai, sauka." Haruna ya sauka. Can sai igiya ta yi sako-sako, aka kira aka ji shiru. Da aka jawo shi babu rauni ko ƙwarzane a jikinsa, kamar mai barci. Ka san me mutane suka ce? Wai rami ya karɓi rabonsa. Wai zinariya tana da masu ita, in sun sha jini sai su saki. Alhaji Bature ya aiko da buhun shinkafa gidan makoki, washegari kuma aka ƙara yawan masu sauka a ramin, don an ce yanzu ne zai bayar. Allah wadaran tunani irin wannan. Nababa bai zubar da hawaye a gaban kowa ba, kamar yadda alkunya ta tanada. Duk wanda ya yi masa gaisuwa magana ɗaya yake maimaitawa: "Fitila ba ta mutu ba. Kwana ne ya ƙare."

Lailatu tana shekarar ƙarshe a jami'a a lokacin, tana karatun kimiyyar sinadarai. Ta koma bayan sadakar bakwai, ba a daɗe ba wani malami ya zo kan darasin iskar da injin fetur ke fitarwa, wadda suke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Hayaƙin da ido ke gani yana washewa ya bar ta a kwance a wurin da iska ba ta zagayawa. 'Yar kaɗan ta isa ta kashe ƙato, kuma wuta za ta ci gaba da ci a cikinta kamar babu komai. Malamin ya wuce zuwa wani batun. Lailatu ta tashi ta fita daga ajin ba tare da neman izini ba, ta zauna a gindin wata bishiya. Ashe fitilar ba ƙarya ta yi ba. An tambaye ta abin da ba ta sani ba ne. Ta san iskar rijiya, wadda ke kashe wuta kafin ta kashe mutum, amma ba ta san ta inji ba.

Da ta zo gida ta durƙusa ta yi wa ubanta bayani dalla-dalla. Ya saurare ta har ta dasa aya, sannan ya ce, "Uwata, na girmi injin nan, na girmi malamin naku. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Ya ɗauki buta ya fice. Ta bi bayansa da kallo, zuciyarta tana tafasa, domin a ganinta taurin kai ne kawai irin na tsofaffi.

Bayan wannan sai ga Usama, ƙanenta, wanda ya rage musu namiji, ya yi aure, matarsa Muslimat ta sami juna biyu, shi ma ya shiga rami. Me zai yi? Gona ba ta shiguwa, hanya ba ta biyuwa, ciki kuma ba ya jiran zaman lafiya. Kullum safiya Usama yana ɗaura igiya a ƙugu, yana sauka bisa shaidar fitilar da ta shaidi Haruna. Wannan ne ya hana Lailatu zama, wannan ne ya mai da ita jami'a yin digiri na biyu a kan noman da ake yi mata dariya.

Ga yadda abin yake. Ka san ƙarfe yana tsatsa in ya sha iska. To, kuza ma tana da tata tsatsar, fara ce fat. Wannan farar tsatsa tana da wani hali: in aka ɗumama ta aka bi da lantarki ta cikinta, da zarar iskar gubar nan ta taɓa ta sai lantarkin ya ƙaru. Tana jin abin da hancin ɗan Adam ba ya ji. Amma in a dunƙule take, ba ta ji da wuri. Sai an mai da ita gashi-gashi, sirara ƙwarai, waɗanda ko ka haɗa ɗaruruwa ba su kai kaurin gashin kai guda ba, don iska ta sami wurin taɓa ta ta ko'ina. Irin wannan gashi babu maƙerin da zai ƙera shi. Tsirar da shi ake yi.

A ɗakin gwaje-gwajen sashensu akwai wani tanderun lantarki da bututun gilashi mai jure wuta ya ratsa ta cikinsa. Lailatu za ta zuba garin kuza a ɗan ƙaramin kasko ta tura tsakiyar bututun, ta jera ɓallaye masu girman farce na wani abu mai kama da gilashi da ake kira silikon a gefensa, ta toshe bakin, ta saki wata iska daga silinda ta riƙa bi ta ciki a hankali. Sai a kunna. Bututun zai yi ja kamar garwashi, kuma dole zafin ya tsaya cak na sa'o'i, kada ya hau, kada ya sauka. A cikin wannan zafi kuzar ke zama tururi, iska ta kwashe shi ta sauke a kan ɓallayen. Amma shuka ba ta yiwuwa sai da iri, irin wannan gona kuwa zinariya ce. Ana shafa wa kowane ɓalli wani ɗan siririn rufi na zinariya, zafi ya farfasa shi ya zama ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo ya yi ta shan tururin yana tura gashi ɗaya ta ƙarƙashinsa. Da ta fara karanta wannan sai da ta yi dariyar takaici, wato ko a nan ma ba za ta rabu da zinariya ba.

Faɗa da baki ke da sauƙi. Sau nawa bututu yana yin ja, ana tsakiyar tsiro, sai ɗif, a ɗauke wuta? Sashen yana da janareta, amma dizal ɗinsa na ofisoshin bene ne, inda na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa ko mai ofis ya tafi ɗaurin aure. Tanderu kuwa an ce cin wuta gare shi. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Lailatu za ta jira bututun ya huce, ta buɗe, ta tarar da wani ƙanzo toka-toka manne a ɓallayen, aikin mako ya tafi a banza. Ta hau bene ta yi roƙo, aka ce ta yi haƙuri, bincike ai ɗan haƙuri ne. Masu cewa a yi haƙurin nan, babu ƙanen kowa a cikinsu da ke rataye a igiya.

Ana haka zinariyar ɗakin ta ƙare. An ce an nema, ana jira. Ta yi kuskuren ambata wa Usama a waya, ba a yi sati ba sai ga direban motar garinsu ya kawo mata wani ƙulli a leda. Zinariya ce ɗanya, ba ta wuce girman ƙwayar dawa ba. Ta san sauka nawa ke cikin ƙwayar nan. Ta kira shi ta balbale shi da faɗa, shi kuwa sai dariya yake. "Yaya, ai gara ki shuka ta da ta ƙare a kunnen matar wani. In ta yi tsiro ki aiko mana da zakka." Ta kashe wayar ta yi kuka mai isarta, sannan ta wanke zinariyar ta narkar.

Babbar Sallah ce ta cece ta. Ofisoshin bene suka kulle, kowa ya tafi cin nama. Japheth, mai kula da kayan ɗakin, wanda ba shi da Sallar zuwa, ya ce shi bai ga laifin kunna janareta don tanderu ba tunda babu mai shan sanyi. Lailatu ba ta je gida ba. Ranar da ake layya a Birnin Gwari, tana zaune a kan dogon benci tun safe, idonta a kan ma'aunin zafi, kunnenta a kan rurin janareta. A karon farko zafi ya tsaya inda aka ce ya tsaya har ƙarshe. Washegari da ta zaro kaskon, sai ga ɓallaye uku sun yi fari sol, wani laushi-laushi ya lulluɓe su kamar funfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Ta tsaya riƙe da su ta kasa ko numfashin kirki, don kada ta hure gonarta.

Sai da ta yi tafiyar yini zuwa wata jami'ar kafin ta sami madubin ƙara girman abu da ke iya nuna su. Da hoton ya fito a allo, ta ga daji ne sosai, gashi a cunkushe, kowane ɗaya da ɗan ƙwallon zinariya a kansa. Zinariyar Usama ce. Farfesan da ke duba aikinta ya ga hoton ya washe baki, ya ce madalla, wannan mujallar ƙasar waje zai shiga, sunansa a gaba, nata a baya. Ta ce ba ta ƙi ba, amma ita so take a haɗa na'ura a kai wa masu haƙa. Ya cire tabarau ya dube ta. "Ke dai ki karɓi digirinki. Mutanen nan ai ba bisa ƙa'ida suke haƙa ba." Ka ji fa. Kamar wanda ba shi da lasisi da wani huhu daban yake numfashi. Ya karɓi ɓallaye biyu ya sa a kabad ɗin gilashi don nuna wa baƙi, har yau suna can suna jin warin turaren ofis. Na ukun ta ce nata ne, ta kuma tsare shi da ido har ya kau da kai. Ta yi niyyar ƙara shuka wasu, amma a gwaji na gaba bututun ya tsage, kuma har yanzu ana jiran sabo.

Da wannan ɓalli ɗaya tak ta haɗa abinta. Ta huda gwangwanin madara da ƙusa ta ko'ina, ta sa ɓallin a ciki da 'yar wayar da ke ɗumama shi, da batir, da wata 'yar ƙararrawa. Suka gwada a bayan babur ɗin Japheth. Tun kafin ta kai shi bakin salansa ya fara tsuwa, ta matsar da shi cikin iska ya yi shiru. Ta naɗe shi a zane, ta bi ayarin motocin da jami'an tsaro ke yi wa rakiya, ta rungume shi a cinya har gida.

Ba ta yi wa ubanta gardama a gida ba, ta riga ta san inda gardama ke ƙarewa. Gani ya kori ji. Da safe ta roƙi Muslimat kaza ɗaya, ta sa ta a kwando ta rufe, ta hau bayan babur ɗin Usama zuwa bakin daji. Wurin duk jar ƙasa ce a tuttule, ga mata can gefe suna dakan dutse. Sun tarar an kashe inji, hayaƙi ya washe, Nababa yana goge ƙwan fitila da gefen rigarsa. Alhaji Bature yana zaune a inuwa a kan kujerar roba. Da ya ji abin da ke cikin gwangwanin, sai ya yi murmushi irin na wanda ba a yi wa daɗi ba. "Malama, mu nan aiki muke yi. Abin da zai riƙa tsayar min da mutane rabin yini, ki mayar da shi makaranta." Masu haƙa suka kewaye ta suna leƙen gwangwani. Wani ya ce ashe amfanin gonar ke nan, madara ta yi tsiro, aka kwashe da dariya.

Nababa bai yi dariya ba. Ya matso kusa da ita ya yi ƙasa da murya. "Uwata, zuwa kika yi ki kunyata ni a gaban mutane?"

Ta durƙusa. "Allah Ya tsare ni, Baba. Alfarma ɗaya nake nema. A zura su tare a igiya guda, fitila da gwangwani da kaza. In kazar ta dawo da ranta, ni da hannuna zan jefa gwangwanin a ramin, ba za ka ƙara jin maganar ba."

Ya daɗe yana kallonta. Ya dubi Usama, wanda ya riga ya tuɓe riga ya ɗaura igiyar sauka a ƙugu, yana jiran a ce bismillah. Sannan ya miƙo hannu ya karɓi kwandon. Shi da kansa ya ƙulla su, fitila a sama, gwangwani a tsakiya, kwando a ƙasa, ya fara zurawa yana leƙe kamar yadda ya saba.

Har suka wuce dakalin inji babu abin da ya faru, masu dariya suka fara gyara murya. Sai tsuwa ta taso daga ƙasa, siririya, ba ta yankewa. Kowa ya leƙa. Can a cikin duhu ga harshen fitila nan tsaye, bai ko girgiza ba. Alhaji Bature ya ce ai ga shi nan, wuta tana ci, abin yara ne kawai mai kukan banza. Nababa bai jawo igiyar da wuri ba. Ya bar ta gwargwadon lokacin da mutum zai cika guga biyu da ƙasa, daidai yadda mai haƙa zai daɗe. Lailatu kuwa ita ma ba ta taɓa gwada abin a rami ba.

Ya jawo. Fitila ta fara fitowa tana ci, ƙwanta ko baƙi bai yi ba. Gwangwani ya biyo yana tsuwa, da ya sha iskar waje ya yi shiru. Aka buɗe kwando. Kazar tana kwance a gefe guda, wuya a langaɓe, ƙafafu a miƙe. Wani ya taɓa ta da yatsa, ba ta motsa ba.

Alhaji Bature ya miƙe yana kaɗa carbi. "Kaza ce fa. Kaza ko tsawa aka yi mutuwa take. Don kaza za a tsayar da aiki? Wanda ba zai sauka ba ya matsa, masu so suna da yawa." Kuma gaskiyarsa, suna da yawa. Wasu samari biyu da suka gudo daga wani ƙauye da aka ƙone sun riga sun fara kallon juna. Yunwa ba ta san kaza ba.

Nababa ko waiwayarsa bai yi ba. Ya taka zuwa wurin Usama, ya sa hannu ya kwance igiyar ƙugunsa. Ƙullin da ya saba ƙullawa shekara da shekaru ya ƙi kwantuwa sai da ya sa haƙori. Ya dawo bakin ramin ya tsuguna a gaban fitilar da ke ci da rana tsaka. Bai ɗago kai ba ya yi magana, a hankali, yadda Lailatu kaɗai za ta ji.

"Uwata. Ranar Haruna, da wannan abin naki yana nan, da ya yi kuka?"

Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. Sai a lokacin ta gane abin da ta yi shekaru tana kira taurin kai. In fitila ta yi kuskure, to bakinsa ne ya ce wa ɗansa ya sauka, hannunsa ne kuma ya zura shi. Tsohon nan ba fitila yake karewa ba, abin da ke tsayar da shi a kan ƙafafunsa yake karewa. Ta daɗe tana ajiye amsar wannan tambaya, tana wasa ta kamar wuƙa, tana jiran ranar da za ta faɗa masa. Yau ga ranar ta zo, kuma da za ta iya, da ta ce masa a'a, ta ce kwana ne kawai ya ƙare, ta bar shi da abin da ya rage masa. Ta ɗaga ido. A bayan Alhaji Bature ɗaya daga samarin nan ya riga ya cire riga yana neman igiya.

"Da ya yi, Baba."

Ya gyaɗa kai sau ɗaya. Hawaye suka gangaro ta cikin gemunsa, a gaban masu haƙa, a gaban mata masu daka, bai share ba. Ya ɗaga ƙwan fitilar ya hure ta, ya kwance ta daga igiya ya miƙa wa Lailatu ba tare da ya dube ta ba. A gurbinta ya ɗaura gwangwanin madara, ya ja ƙullin da ƙarfi, ya zauna daram a bakin ramin ya miƙe ƙafa ya tare hanyar sauka.

Saurayin ya matso da igiyarsa. Nababa ya ɗaga masa hannu.

"Koma ka zauna, yaro. Babu mai sauka sai wannan ya yi shiru."

Alhaji Bature yana ta bambami, yana cewa ramin nasa ne, gobe zai nemo wani mai fitilar. Lailatu ta san zai nemo, ta kuma san ramukan dajin nan sun fi a ƙirga, gwangwani kuwa ɗaya ne. Ta tsaya a bayan ubanta riƙe da fitilar a ƙirjinta, ƙwan da sauran ɗuminsa, tana kallon yadda yake zura igiyar a hankali, ya karkata kai yana saurare.